Numfashin Dogo

Shekara ashirin da uku Mai Kwaɓi ya yi a gidan burodin da ke bayan tashar mota, goma sha tara daga ciki tare da Dogo ya yi su. Shi ne ma ya kawo shi. Lokacin Dogo bai daɗe da auren ƙanwarsa Auta ba, ba shi da tsayayyen aiki, yau dako gobe bin mota. Mai Kwaɓi ya kama hannunsa har gaban Manaja ya ce, "Ga mijin ƙanwata. Ba ya sata, ba ya ƙarya, tsawo ne kawai ya yi masa yawa." Manaja ya yi dariya, ya ce a ba shi ɗaukar buhu.

Ɗakin kwaɓi dogon ɗaki ne mai taga biyu can sama kusa da rufi, da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Aikin Dogo shi ne ya sauko da buhunan fulawa daga sito, ya farke bakinsu, ya tankaɗe, ya juye a cikin injin kwaɓi. Duk buhun da ya juye sai farar ƙura ta tashi ta lulluɓe shi har gashin ido. Mai Kwaɓi kuwa shi ke auna ruwa da yis da sukari da gishiri, kuma da ya taɓa kwaɓi da yatsa biyu ya san ko ya yi ko da saura. Sun saba har ba sa buƙatar magana. Da yamma su fito tare fari fat, su taka har gida, don layinsu ɗaya. Auta takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, kullum da safe in ba ka saurayi, da yamma ka dawo min da tsoho."

Mai Kwaɓi mutum ne mai ba'a. Ba wanda ya tsira daga bakinsa a gidan burodin, har Manaja. In ya laƙaba wa mutum suna, to ya bi shi ke nan. Shi ya fara kiran mijin ƙanwarsa Dogo, har Auta kanta ta koma kiransa haka. Ba da mugunta yake yi ba. Aikin da zafi, tanda na huci tun safe, kuma ya lura in mutane na dariya hannunsu ya fi sauri.

Tari kuwa ba wani abu ba ne a gidan. Kowa na yi. Mai Awo, wanda ke yanka kwaɓi yana ɗorawa a sikeli, sai ya yi atishawa bakwai a jere kafin ya fara aiki. Matar da ke zuba burodi a leda idonta ba ya rabuwa da ruwa. Direba ma, da ba ya daɗewa a ciki, yana da nasa kakin. Tarin gidan burodi suke ce masa, a sha ruwan ɗumi a ci gaba.

Na Dogo ne ya sauya kama bayan ya haura arba'in da huɗu. Mutumin da ke sauko da buhu biyu a jere ba tare da ya tsaya ba, sai ga shi yana ajiye ɗaya a tsakiyar matakala, ya dafa gwiwa, yana jan iska kamar wanda aka koro. In ɗakin ya yi shiru ana jin wani siririn kuka na fita daga ƙirjinsa, kamar ɗan kyanwa a cikin kwali. Ranar hutu sai ya warware, ya zauna a ƙofar gida yana gyara keken 'yarsa, lafiya ƙalau. Da ya koma aiki kwana biyu, abin ya dawo. Auta ta yi ta magana har ta gaji, rannan dai ta sa shi a gaba sai asibiti.

Washegari, suna zaune a rumfar bayan tanda lokacin cin abincin rana, Dogo ya ce, "Likita ya ce asma ce."

Mai Kwaɓi ya ajiye cokali. "Asma? Kai da furfura a gemu? Ai wannan ciwon yara ne, Dogo. Ko ka ce masa shekararka huɗu ne bai ji arba'in ɗin ba?"

"Wallahi haka ya ce, Yaya. Ya ce tana kama manya ma, kuma ƙurar nan ce ke tayar min da ita."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan abu shuɗi mai lanƙwasa, ya girgiza shi, ya sa a baki, ya danna. Abin ya yi fus. Ya riƙe numfashi, idanunsa a zare, kumatu a kumbure.

"Jama'a," in ji Mai Kwaɓi, "a yi shiru, an ba jariri fidarsa."

Rumfar ta kwashe da dariya. Mai Awo har ya ƙware. Dogo ma ya yi dariya, ya mayar da abin aljihu. Daga ranar magana ta samu wurin zama. In ya tsaya hutawa a matakala, wani zai ɗaga murya, "Dogo, ka sha fidarka kuwa?" Takunkumin da likita ya ce ya riƙa sawa, kwana uku ya yi da shi. Ga zafi, ga Mai Kwaɓi na cewa a matsa wa likitan tiyata ya wuce. A rana ta huɗu ya zo babu takunkumi. Bayan mako biyu aka daina ganin abin shaƙar ma. Mai Kwaɓi ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Akwai wata yamma da suna tafiya gida, Dogo ya yi ta nuƙu-nuƙu kafin ya ce, "Yaya, da za ka yi wa Manaja magana a mayar da ni gaba, wajen sayarwa ko lodin mota. Ya fi jin maganarka. In ni na je, zai ce na gaza ne, ya sallame ni."

Mai Kwaɓi ya tuno sababbin ma'aikatan da ake kawowa, waɗanda ke juye fulawa rabi a inji rabi a ƙasa. Ya ce, "Zan yi masa. Amma bari a sami wanda ya iya tukuna. Ka san ba wanda ke juye min buhu kamar kai."

"To, Yaya."

Dogo bai sake tayar da maganar ba, shi kuma Mai Kwaɓi bai je wa Manaja da ita ba. Ba mantawa ya yi ba. Kullum sai ya ce mako mai zuwa.

Ita ma Auta ta taɓa tare shi a tsakar gidansa, ta rage murya don kada matarsa ta ji. "Yaya, ka sa min ido a kansa. Ba ya gaya min gaskiya. In na tambaye shi sai ya ce da sauƙi, amma ina jin ƙirjinsa daga ɗaya ɗakin."

"Ke dai kin cika tsoro tun kina 'yar mitsitsiya," in ji shi. "Ina tare da shi daga safe har yamma. Me zai same shi ina tsaye?"

Ranar da abin ya faru, wata makaranta ce ta yi odar burodi mai yawa, kuma wuta ta ɗauke tun hantsi. Janareta na jan injin kwaɓi kawai, fanka a tsaye. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Dogo na saukowa da buhu na tara, igiyar bakin buhun ta tsinke a kafaɗarsa. Fulawar ta zubo masa tun daga ka, ɗakin ya turnuƙe har ba a ganin tagogi.

Mai Kwaɓi ya riga ya buɗe baki, maganar ba'a na kan harshensa. Sai ƙurar ta ɗan lafa, ya ga Dogo a durƙushe ya dafa ƙasa da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, kafaɗunsa na hawa da sauka. Kukan ƙirjin nan ya fi ƙarar inji.

"Dogo! Ina abin? Ina abin shaƙar?"

Dogo ya kasa magana. Ya ɗaga hannu ya nuna tsakar gida, wajen ɗakin sauya kaya, sannan ya taɓa zaren da ke wuyansa, inda makullin kabad ɗinsa yake.

Aka kama shi aka fito da shi iska. Mai Kwaɓi ya fizge zaren ya ruga. Ɗakin sauya kaya na can ƙarshen gida, bayan tankin ruwa. Hannunsa duk kwaɓi, makullin ya suɓuce ya faɗi, ya ɗauka, ya ƙi shiga, ya sake faɗuwa. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe ya ɓalle kwaɗon. Ya watso riga, ya watso wando da takalmi, babu. Sai can ƙuryar kabad ɗin, a cikin hular sanyi, ya taɓa wani abu a ƙulle cikin baƙar leda, an naɗe shi sau uku an ɗaure tamau. Da haƙori ya yage ledar.

Ko da ya dawo leɓen Dogo ya sauya launi. Ya sa masa a baki ya danna, ya sake dannawa, amma Dogo ba ya iya jan iskar ciki. Matar leda na ta yi masa fifita da kwali tana salati. Direba ya juyo da motar burodi, aka ture akwatuna gefe, aka shigar da shi baya. Mai Kwaɓi ya zauna a ƙasan motar ya jingina shi da ƙirjinsa, dogayen ƙafafun nan sun miƙe har ƙofa.

A mahaɗar hanya ta biyu suka tarar da cunkoso. Direba ya danna oda, ya leƙo ta taga yana ihu, ya hau gefen titi ya sauka. A nan ne Mai Kwaɓi ya lura kukan ƙirjin ya daina. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya buga jikin motar ya ce, "Ya fara lafawa! Maganin ya kama!" Ya sunkuya kan kunnen Dogo, "Ka gani ko? Saura kaɗan. Yau kai za ka sayi abincin rana, ka ba mu tsoro."

Hannun Dogo na riƙe da gefen rigarsa. Kafin su kai ƙofar asibiti hannun ya saki.

Ma'aikata sun karɓe shi da gudu, sun yi abin da za su iya a bayan labule. Mai Kwaɓi na tsaye a baranda, fari fat, kwaɓi ya bushe a yatsunsa, mutane na wucewa suna kallonsa. Da wata likita ta fito ta tambaya wane ne ɗan'uwansa, bai jira ta ƙarasa ba. Ya zauna a ƙasa inda yake.

Shi ya je ya gaya wa Auta rasuwar. Ya tarar tana shanya kayan makarantar yara. Ta gan shi shi kaɗai da rana tsaka, ta ga rigarsa, sai ta ajiye bokitin a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Yaya, ina ka baro shi?"

Bayan mako guda ya koma aiki. An kawo wani ya maye gurbin Dogo, Manaja ya sayo takunkumi kwali guda ya ajiye a bakin ƙofa, aka gyara fanka, aka fasa taga ta uku. Ba wanda ya ce wa Mai Kwaɓi komai, amma in ya shigo rumfa hira takan mutu. Shi ma ya daina ba'a. Da ɗakin ya yi shiru haka, sai kunnensa ya buɗe. Ya ji yadda Mai Awo ke tsayawa tsakiyar magana ya ja numfashi. Ya ji tarin matar leda, busasshe, mai zuwa a jere. Wata safiya yana ɗaure takalmi ya ji siririn kukan nan, ya waiga ya ga ba kowa a ɗakin sai shi. Ya daɗe yana jin ƙirjinsa na ɗaurewa da sassafe, shekara uku ko fi, yana cewa girma ne.

Matarsa ba ta roƙe shi ba. Mayafinta ta ɗauka ta tsaya a ƙofa ta ce, "Tashi mu je. Ba zan yi zaman da Auta ke yi ba."

A sashen masu ciwon ƙirji ya zaci zai tarar da iyaye mata da yara a cinya. Benci uku ne cike da manya. Kusa da shi wani mai fentin mota ne, farcensa duk shuɗi. Gaba da shi wata mata mai sharar ofisoshi na ba wata malamar makaranta labarin yadda warin ruwan goge tayil ke shaƙe ta. Akwai wani ƙaton mutum mai kayan gadi, ƙirji kamar ƙofa, yana zaune ya dafa gwiwa yana numfashi sama-sama. Kowa da ɗan abinsa a hannu ko a jaka, shuɗi ko ruwan ƙasa. Mai fentin ya girgiza nasa ya shaƙa a gaban kowa, ba wanda ya ko ɗaga kai.

"Yau ka fara zuwa?" in ji mai fentin.

"Yau ne."

"Za ka saba. Ni ina da shekara hamsin ta same ni. Da farko na ce likita bai san aikinsa ba."

Likitar da ta duba shi ita ce ta ranar nan, amma ba ta gane shi ba, don yau ba fari yake ba. Ta sa shi ya busa wani bututu sau uku, ta saurari bayansa, ta tambayi aikinsa. Da ya faɗa sai ta gyaɗa kai. Ta ce asma ce, kuma masu aikin fulawa da katako da fenti suna yawan zuwa mata da ita, wasu ma ba su taɓa yin ta suna yara ba. Ta ce da yawa suna yawo da ita shekara da shekaru suna kiranta mura ko tsufa. Ta nuna masa abin shaƙa na kullum da na gaggawa, ta ce na gaggawar kada ya yi nisa da aljihunsa ko banɗaki zai shiga.

Ya karɓa, amma bai tashi ba. "Likita, in mutum abin ya tashi masa, ƙirjinsa na ta kuka, sai kukan ya daina gaba ɗaya... sauƙi ne?"

Ta dube shi sosai. "In ya daina kuma mutum na magana, yana numfashi daidai, sauƙi ne. In ya daina alhali mutum na wahala, to iskar ce ta daina shiga. Wannan shi ne mafi hatsari. Me ya sa ka tambaya?"

"Ba komai," in ji shi. Matarsa ce ta riƙe masa hannu suka fito, don ƙofar ma bai gan ta ba.

Ya yi kwana huɗu yana juya maganar kafin ya shiga gidan Auta da la'asar. Tana zaune a tabarma tana ninke kayan Dogo tana zubawa a jaka. Ya zauna a bakin ƙofa, nesa da ita, kamar baƙo.

"Auta, akwai abin da ban gaya miki ba. Abin shaƙarsa ba a jikinsa yake ba ranar. A kabad yake, a ƙulle cikin leda. Ni na sa ya ɓoye shi. Na yi masa ba'a a gaban mutane, na ce..."

"Fida," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ya gaya min tun ranar."

Ta ci gaba da magana.

"Na ce zan zo in same ka, ya hana ni. Ya ce Yaya ba da wani nufi yake yi ba, haka bakinsa yake. Ya ce kai ka ba shi aiki, kai ka ba shi mata, ba zai ɓata maka rai a kan wasa ba." Ta ninke hannun wata riga, ta shafa shi. "Kullum da safe ni nake sa masa shi a aljihu da hannuna. Ashe yana zuwa sai ya cire."

"Ya roƙe ni in sa a mayar da shi gaba. Ban yi ba."

Wannan ba ta sani ba. Hannunta ya tsaya a kan rigar.

"Ki yafe min, Auta."

"Yaya, kai ka goya ni. Ba zan ce ban yafe ba. Amma kada ka sa in faɗa yau." Ta share ido da bayan hannu. "Abu ɗaya nake so in sani. A cikin motar, ya ce wani abu? Ya ambaci yaran?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Ya ma shirya ta a bakinsa. Sai ya ce, "Bai ce komai ba. Ba shi da iskar da zai yi magana. Rigata kawai ya riƙe."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ninki.

Kafin shekara ta ƙare Mai Kwaɓi ya bar gidan burodi, don ko da takunkumi ƙirjinsa ya ƙi ɗauka. Ya koma tsaron shagon kayan ruwa na wani ɗan'uwan matarsa, yana miƙa famfo da gwiwar bututu, aikin da ba ya buƙatar yatsa biyu masu sanin kwaɓi. Mai Awo ya je asibiti bayan Mai Kwaɓi ya matsa masa, shi ma aka ba shi nasa. Matar leda ta ce ita tarinta na gado ne, ba ta je ba.

Auta tana gaishe shi in sun haɗu, tana aiko yara su duba shi, amma zolayar da ke tsakaninsu ba ta dawo ba. Da aka yi hutun makaranta ta ce za ta koma garin da babbar 'yarta ke aure, an samar mata aikin ɗinki a can. Bai hana ta ba. Shi ya ɗauki keken ɗinkinta a ka har tasha, yana tsayawa yana hutawa, ita da yara suna jiransa. Ya tsaya sai da aka ɗaure kayan a saman mota, ya ja igiyar ya tabbatar ta yi ƙarfi.

Ta shiga ta zauna kusa da taga, ƙaramin ɗanta a cinyarta. Mota ta tashi, ta fara jan jiki. Sai ta zuge gilashin ta leƙo.

"Yaya."

Ya matso da sauri, yana bin motar.

"Ka riƙa shan maganinka."

Ya ɗaga mata hannu. Motar ta fita ƙofar tasha ta karya kwana, shi kuma ya daɗe a tsaye a wurin, har wani mai turin kaya ya ce masa, "Baba, a ba mu hanya."